Duwatsun Maros da Pangkep: yadda ruwa, zane da siminti suka haɗu a dutse ɗaya

Tambaya: Malam, ina koyar da labarin ƙasa a makarantar sakandare. Na ji a rediyo cewa an gano zane mai shekara sama da 50,000 a wani kogon dutse a Indonesiya, kuma wai masu siminti suna fasa duwatsun wurin. Wane irin wuri ne wannan? Ta yaya aka san shekarun zanen? Kuma tunda mu ma muna da dutsen siminti a Sakkwato da Ashaka, me ya sa ba mu da irin waɗannan kogwanni?

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri kan ɗawainiyar yara. Abin da ka ji a rediyo haka yake. Tambayoyinka uku ne, amma duk suna komawa ga halin dutsen farar ƙasa: dutse ne da ruwan sama ke narkarwa a hankali, ya kwashe shi daga nan ya ajiye shi can. Wannan halin ne ya haƙa kogwannin, shi ya ɓoye ruwan da manoman yankin ke dogaro da shi, shi ya ba masana hanyar ƙidaya shekarun zanen. Sinadarin da ya ba dutsen wannan hali kuma shi ne masu siminti ke nema. In ɗalibanka suka riƙe wannan, sauran bayanin zai zo musu da sauƙi.

Wurin yana kudancin tsibirin Sulawesi, a gundumomi biyu maƙwabtan juna, Maros da Pangkep, arewa da birnin Makasar. Filin jirgin saman Makasar ma a cikin Maros yake. Ƙasar bakin teku shimfiɗaɗɗiya ce, gonakin shinkafa da tafkunan kiwon kifi iya ganinka, sai kawai ka ga duwatsu sun miƙe cak daga tsakiyar gona, babu gangare babu tudu, gefensu a tsaye, kansu lulluɓe da itatuwa. Da yawansu sun haura mita 150. Faɗin yankin duwatsun ya wuce murabba'in kilomita 400. Mutanen wurin Bugis ne da Makasar, Musulmi ne tun farkon ƙarni na 17, lokacin da sarakunan Gowa da Tallo suka karɓi addini a 1605.

A ƙarƙashin teku aka gina dutsen. A lissafin masana, daga kimanin shekara miliyan 50 zuwa miliyan 15 da suka wuce, wurin teku ne mai ɗumi marar zurfi. Murjani da ƙananan halittun ruwa masu ɓawo suna rayuwa suna mutuwa, ɓawonsu yana taruwa hawa-hawa har ya daskare ya zama dutse mai kaurin ɗaruruwan mitoci. Daga baya motsin ƙasa ya ɗaga shi sama da teku, ya kuma tsattsaga shi. Daga nan ruwan sama ya karɓi aiki.

Ruwan sama shi kaɗai ba ya iya cin dutse sosai. Sai ya haɗu da iskar kabon, wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, sannan yake yin ɗan tsami. Mafi yawan wannan iska ba a sararin sama yake samunta ba, a cikin ƙasa ne, inda saiwoyi ke numfashi kuma ganye ke ruɓewa. To, a ƙasa mai zafi da ruwa kamar Sulawesi, ruɓewar ba ta tsayawa duk shekara, ruwan da ke sauka kuma yana kai wa milimita 3,000, wato ninki uku na abin da Kano ke samu ko fiye. Ruwan mai tsami yana bin tsagar dutse yana faɗaɗa ta. Tsaga ta zama rami, rami ya zama kwari, har abin da ya rage tsakanin kwaruruka ya tsaya shi kaɗai. A gindinsa kuma ruwan fadama yana ci gaba da ƙwaƙular gefe, saman da ya rasa madogara ya rufto, shi ya sa gefen ke zama a tsaye. Yawancin kogwannin da mutane suka zauna a ciki a irin wannan gindi suke.

Abin da baƙo ba ya gani ya fi abin da yake gani muhimmanci. A saman duwatsun da wuya ka sami rafi, domin ruwa nutsewa yake yi nan take. Yana tafiya ne ta cikin dutsen. Akwai kogon Salukang Kallang, wanda masu binciken kogwanni daga Faransa suka fara aunawa a shekarun 1980, tsawonsa ya wuce kilomita 12, da kogi a cikinsa. Akwai ramin Leang Pute da ya nutsa tsaye sama da mita 260. Saman dutsen mai tsage-tsage yana riƙe ruwan damina ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan, sai ya ɓullo a idanun ruwa a gindin duwatsu har cikin rani. Da wannan ruwan ake noman shinkafa, shi ake sha. In an fasa dutse an kwashe wannan saman, ruwan damina zai gangaro gaba ɗaya ya yi ambaliya, rani kuma idon ruwa ya ƙafe.

Halittun wurin ma na daban ne. Teku mai zurfi ya raba Sulawesi da tsibirin Borneo, kuma ko a zamanin da ruwan teku ya ja baya ƙwarai bai ƙafe ba, don haka dabbobin tsibirin suka ɗauki tasu hanya. Akwai anoa, wata 'yar ƙaramar ɓauna. Akwai aladen daji mai ƙuraje a fuska, da wani baƙin biri da ba a samunsa ko'ina a duniya sai kudancin Sulawesi. Cikin duhun kogwanni an sami kifi da ƙaguwa da suka rasa gani saboda ba su da buƙatarsa. Irin waɗannan ƙananan halittu wani lokaci dutse ɗaya tak suke da shi a duniya, in ya tafi sun tafi. Baturen Ingila Alfred Russel Wallace ya zauna a Maros a 1857 yana tattara ƙwari da tsuntsaye, kuma malam-buɗe-littafin da ya gani a magangarar ruwa ta Bantimurung ya sa wurin ya yi suna har yau. A 2004 gwamnati ta kafa gandun Bantimurung-Bulusaraung, amma kusan rabin duwatsun ne kawai suka shiga cikinsa.

Yanzu ga zanen. An san da shi tun 1950, lokacin da masu bincike 'yan Holan suka ba da rahoton tambarin hannu a kogon Leang Pettae. Mutanen ƙauyukan kuwa sun daɗe suna ganinsa. Yau an san wurare wajen 300 masu zane a yankin. Mafi yawa tambarin hannu ne: mutum ya ɗora tafinsa a bango, ya guntsi jar ƙasa da aka dama da ruwa, ya fesa a kai, in ya ɗauke hannun sai siffarsa ta fito fara a tsakiyar ja. Wasu an gyara yatsun sun zama masu tsini, salon da aka san Sulawesi da shi. Sai kuma zanen dabbobi, galibi aladen daji da anoa. Shekara sittin ana ɗauka cewa zanen bai kai shekara 10,000 ba, bisa zaton cewa babu fentin da zai jure zafi da laimar irin wannan ƙasa fiye da haka. Zato ne kawai, babu wanda ya auna.

Ga yadda aka auna. Jar ƙasa ba ta da abin da za a ƙidaya shekarunta da shi kai tsaye. Amma ruwan da ya narkar da dutse a sama, in ya tsattsafo a bangon kogo ya bushe, yakan bar abin da ya ɗauko, ya yi 'yan ƙulle-ƙulle farare a jikin bango. Wani lokaci a kan zanen suke tsirowa. Ruwan yana ɗauke da ɗan yuraniyom kaɗan ƙwarai, irin ma'adinin da ake haƙa a Arlit. Yuraniyom yana narkewa a ruwa, amma toriyom, sinadarin da yake rikiɗewa ya koma a hankali, ba ya narkewa. Ke nan ranar da ƙullin ya daskare yana da yuraniyom, ba shi da toriyom. Daga ranar toriyom zai fara taruwa, da saurin da masana suka sani daidai. In aka auna yawan wannan da na wancan, sai a san shekarun ƙullin. Tunda kuwa ƙullin a kan zanen ya tsiro, zanen ya girme shi. Shi ya sa duk adadin da za ka ji ana faɗa ana sa masa "aƙalla". Ka jaddada wa ɗalibai wannan, domin 'yan jarida sukan yar da kalmar: zanen zai iya fin haka tsufa da dubban shekaru, amma ba zai gaza ba.

Masana daga jami'ar Griffith ta Ostireliya, Maxime Aubert da Adam Brumm, tare da abokan aikinsu na Indonesiya, su suka yi aikin. A 2014 suka bayyana cewa wani tambarin hannu a Leang Timpuseng ya kai aƙalla shekara 39,900. A 2019 sai zanen Leang Bulu' Sipong 4, bango mai tsawon mita 4.5 da ke nuna wasu ƙananan siffofi suna fuskantar aladu da anoa da abin da ya yi kama da mashi ko igiya, aƙalla shekara 43,900. Wani ma'aikacin hukumar adana kayan tarihi mai suna Hamrullah ne ya gano shi a 2017, bayan ya hau itace ya shiga wani ɗakin kogo da ke sama. A 2021 aka bayyana aladen Leang Tedongnge, wanda Basran Burhan ya gano a wani kwari da duwatsu suka kewaye, tsawon zanen santimita 136, aƙalla shekara 45,500. Wanda ka ji a rediyo shi ne na Leang Karampuang, da Adhi Agus Oktaviana ya jagoranci bayyana shi a 2024: alade ɗaya da siffofi uku masu kama da mutane, aƙalla shekara 51,200. A wannan karon da hasken leza aka yi awon, wanda ke iya kai wa ga hawan ƙullin da ke manne da fentin kansa, kuma da wannan hanyar shekarun zanen Bulu' Sipong suka ƙaru zuwa wajen 48,000. Na kawo sunayen 'yan ƙasar da gangan, domin su ne suka sha hawa da rarrafe suka gano wuraren, kuma sau da yawa sunan baƙo kaɗai ake ji.

Domin kwatanci, zanen kogon Chauvet na Faransa yana wajen shekara 36,000, na Lascaux kuma bai wuce 20,000 da yawa ba. An daɗe ana koyar da cewa a Turai ɗan Adam ya fara zana abin da idonsa ya gani. Wannan magana ta faɗi. Amma kada a maye gurbinta da cewa a Indonesiya aka fara. A kogon Blombos na Afirka ta Kudu an sami layuka da aka ja da jar ƙasa a kan ɓallin dutse, masu shekara kusan 73,000. Fahimtar da na fi gamsuwa da ita ita ce, mutane sun fito daga Afirka da wannan baiwa tare da su, kuma Sulawesi ta yi fice ne saboda dutsenta ya adana zanen ya kuma ba da hanyar auna shi. Akwai inda nake taka-tsantsan: masu binciken sun ce wasu siffofin Bulu' Sipong rabi mutum ne rabi dabba, da jela ko baki irin na tsuntsu, har ana gina maganar addinin mutanen a kan haka. Siffofin ƙanana ne, sun kuma koɗe, wasu masanan ba su yarda da fassarar ba. Shekarun an auna su, ma'anar kuwa hasashe ce.

Wani abin da ya kamata yara su lura da shi: duk wanda ya yi zanen nan, kakanninsa sun tsallaka teku kafin su iso, tunda tsibirin bai taɓa haɗuwa da babbar ƙasar Asiya ba a zamanin ɗan Adam. Kuma zama a kogwannin bai tsaya a kansu ba. A 2015 masana daga jami'ar Hasanuddin ta Makasar suka tono ƙasusuwan wata budurwa 'yar shekara 17 ko 18 a Leang Panninge, an binne ta shekara kusan 7,200 da suka wuce. Suka sa mata suna Bessé'. Tana cikin mafarautan da ake kira Toala, masu kan kibiya na dutse mai haƙora-haƙora. Binciken ƙwayoyin gadonta da aka bayyana a 2021 ya nuna tana da dangantaka da mutanen Papuwa da 'yan asalin Ostireliya. Bugis da Makasar na yau zuriyar manoman da suka zo daga baya ne, don haka ba za a ce kakanninsu kai tsaye ne suka yi zanen ba. Amma su ne masu riƙon amanarsa, kuma masu gadin kogwannin da yawa 'yan ƙauyukan ne.

Zanen da ya jure shekara 50,000 yanzu yana ɓamɓarewa a idon masu gadinsa. Binciken da Jillian Huntley ta jagoranta a kogwanni 11, wanda ya fito a 2021, ya nuna gishiri ne ke yin ɓarnar. Duk wanda ya zauna a tsohon gidan ƙasa ya san yadda gindin katanga ke yin farin gari bayan damina, yaɓen ya kumbura ya zube. Haka yake faruwa a nan. Dutsen yana shan ruwa mai gishiri, rani ya zo ruwan ya bushe, gishirin ya daskare a bayan fatar bangon, zafi ya sa ya kumbura ya ture fatar da zanen da ke kanta. Jiƙewa da bushewa a jere su ne makamin. Fari mai tsanani da ruwa mai yawa, waɗanda sauyin yanayi ke ƙara musu ƙarfi, suna hanzarta shi, haka ma ruwan da ke kwance a gonakin shinkafa da tafkunan kifi yana ƙara laima a iskar wurin.

Sai siminti. Kamfanin Semen Tonasa yana aiki a Pangkep tun 1968, Bosowa kuma yana da masana'anta a Maros, ga masu yankan dutsen ado na daɓen gidaje. Siminti dutsen farar ƙasa ne da yumɓu ake ƙonawa a zafin da ya kai digiri 1,450, kuma kowane tan ɗaya yana cin fiye da tan ɗaya na dutse. Tudun Bulu' Sipong kansa yana cikin filin da aka ba Tonasa. Kamfanin ya keɓe tudun ya hana fasa shi, wannan abin yabo ne, amma manyan motoci suna wucewa kusa da shi, kuma masana suna nuna damuwa kan ƙura da girgizar nakiya. Ban ɗauki siminti abokin gaba ba. Gidajen Makasar da gadojinta da makarantunta da shi aka gina su, dubban iyalai kuma a nan suke cin abinci. Abin da nake ƙi shi ne a zagaye bakin kogo ɗaya da waya a ce an kare gado. Laimar da ke cikin kogo daga itatuwan da ke kansa take, ruwan da ke tsattsafowa a bangonsa ta cikin dutsen gaba ɗaya ya biyo, kogin da ke ƙarƙashinsa kuma wataƙila daga tudun da ke nesa da kilomita biyar ya taso. Kafin a ba da lasisi ya kamata a bi ruwan a san hanyarsa, a shiga kowane kogo a duba, sannan a ware tuddan da za a fasa har ƙasa, a bar sauran cif, maimakon a gutsuri kowane tudu kaɗan. Har yanzu ana gano sababbin wuraren zane kusan kowace shekara, ke nan tudun da aka fasa ba tare da bincike ba, ba za a taɓa sanin abin da ya tafi da shi ba.

Mutanen Rammang-Rammang, a ƙauyen Salenrang na Maros, sun nuna cewa ana iya tsayawa. A ƙarshen shekarun 2000 aka ba wasu kamfanoni izinin yankan dutse a yankinsu. Suka ƙi, suka yi shekaru suna kai ƙara da kokawa har aka soke izinin. Yau suna ɗaukar baƙi a kwalekwale ta kogin Pute, tsakanin itatuwan bakin ruwa, zuwa ƙauyen Berua da duwatsu suka yi wa zobe. Yawon buɗe ido ma yana da nasa lahani, numfashin jama'a da taɓa bango suna cutar da zane, shi ya sa kogwanni mafi daraja a rufe suke sai da izini. A 2023 UNESCO ta sa yankin cikin jerin wuraren tarihin ƙasa da duwatsu na duniya, haɗe da tsibiran murjani na Spermonde da ke gaban gaɓar. Wannan suna yana jawo ido da baƙi, amma ikon bayar da lasisi ko hana shi yana hannun hukumomin Indonesiya.

Tambayarka ta ƙarshe. Dutsen Kalambaina na Sakkwato, da ɗan'uwansa na Malbaza a Nijar, shi ma a teku aka gina shi, wajen shekara miliyan 60 da suka wuce, lokacin da wani reshen teku ya ratsa inda Sahara take yanzu. Abu uku suka hana shi yin irin na Maros. Siriri ne, bai cika wuce mita 25 ba, ga yumɓu gauraye da shi. A kwance yake, ba a ɗaga shi sama sosai ba balle ruwa ya sami zurfin da zai nutsa. Ruwan saman Sakkwato kuma bai cika wuce milimita 700 ba, a cikin wata huɗu, sannan babu kurmin da zai tsamama shi. Na Ashaka ma kusan haka lamarinsa yake. Duk da haka halin yana nan: dutsen Kalambaina yana riƙe ruwa a ramukansa, kuma idanun ruwan da ke fitowa daga gare shi suna ciyar da tafkin Kware. In kana son ganin dutsen farar ƙasa da ruwa ya ƙwaƙule ya yi kogwanni a Najeriya, sai Mfamosing kusa da Kalaba, inda ake ruwa kamar da bakin ƙwarya, kuma can ma akwai masana'antar siminti.

Zanen dutse kuwa muna da shi. A Birnin Kudu ta Jigawa, a Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai zanen shanu a ƙarƙashin inuwar duwatsu. Sai dai dutsen can baƙin dutse ne mai tauri da ba ya narkewa, ba ya tsirar da ƙullin da ake aunawa, don haka hanyar yuraniyom ba ta aiki a kansa. In makaranta za ta iya, ka kai yaran su gani, ka hana su taɓawa ko yayyafa ruwa don launin ya fito a hoto. A aji kuma ka samo ɓallin dutsen farar ƙasa daga masu fasa dutse, da ɓallin baƙin dutse irin na tsakuwar gini. A daka kowanne ya zama gari, a ɗiga musu ruwan lemun tsami. Na farar ƙasa zai yi kumfa, ɗayan ba zai motsa ba.